CIKIN MARAYA AMANA NE: WAKE, GYAƊA DA WAKEN SUYA A KWANON YARAN RIƘO

Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a babban taron ƙungiya, a Sabo, Badun.



  Mun gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba wannan kwamiti dama ya yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato abincin marayu da 'ya'yan riƙo da ke cikin gidajenmu.

Su wane ne waɗannan yara?

Jama'a, tun da aka kafa Sabo a shekarar 1916, ba a taɓa rasa ɗan wani a gidan wani ba. Mai masauki yana riƙon ɗan baƙonsa, gwaggo tana riƙon 'yar ƙanenta, kaka tana riƙon jika, mace takan zo gidan miji da agola. Wannan al'ada ce ta alheri, kuma ita ce ta hana mu ganin 'ya'yanmu suna kwana a ƙarƙashin gada. Amma zaman Kurmi ba irin zaman gida ba ne. A gida idan mutum ya rasu ya bar yara, akwai gona, akwai rumbu, akwai dangi gaba da baya. A nan kuwa komai sai an auno. Direba ya rasu a hanyar Ikko ko ta Mokwa, ko mace ta rasu wajen haihuwa, sai a wayi gari yaran sun koma hannun wanda shi ma ɗaki ɗaya yake haya. Ga waɗanda suka yi asara a rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021. Ga kuma yaran da ake kawo mana daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, waɗanda 'yan bindiga suka raba da iyayensu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, nama da ƙwai da madara suka ƙara yi wa talaka nisa.

Ba mu zo mu yi wa malamanmu wa'azi ba, sun fi mu sani. Amma kowa ya san Manzon Allah da kansa maraya ne, kakansa Abdulmuɗallibi ya riƙe shi, sannan baffansa Abu Ɗalibi. Kowa ya ji bushara da aka yi wa mai riƙon maraya ta kusanci da Annabi a Aljanna, ya kuma ji gargaɗin da ke cikin Suratul Ma'un. Abin da muke so mu ƙara a kai shi ne, riƙo yana farawa daga kwano. Yaro zai iya ƙoshi kullum amma jikinsa yana jin yunwa, kuma maganin wannan yunwa yana nan jibge a Bodija, a hannun 'yan'uwanmu masu sayar da hatsi.

Ƙoshi daban, gina jiki daban

Masana sun kasa abinci gida uku. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar tuwo da shinkafa da doya da garin rogo da mai. Akwai mai kare jiki daga cuta, kamar ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Akwai kuma mai gina jiki, wanda ke ɗauke da sinadarin da ake kira furotin. Da shi ake gina tsoka da jini da fata da gashi, da shi rauni ke warkewa. Babba ya riga ya ginu, gyare-gyare kawai yake bukata. Yaro kuwa gini ne da ake kan yi, idan aka rasa bulo a lokacin da ake bukatarsa, ginin ya tsaya ke nan.

Nawa ake bukata? Bai kai yadda muke tsammani ba. Yaro mai shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kimanin giram 13 a rana, mai shekara 4 zuwa 8 kimanin giram 19, mai shekara 9 zuwa 13 kimanin giram 34. To bari mu duba abin da ke cikin kowane giram 100 na abincin da muka saba da shi, kafin a dafa. Garin rogo bai wuce giram 1 zuwa 2 ba. Shinkafa tana da wajen 7, masara 9, gero da dawa 10 zuwa 11. Naman sa wajen 20. Gurjiya ta kusa 20, riɗi ma haka. Wake yana da wajen 23, gyaɗa 25, agushi ya kusa 30. Waken suya yana da 36 zuwa 40. Ƙuli-ƙuli kuwa, tun da an matse mai an bar tsantsar tunkuza, yakan haura 40.

Kun ga lissafi ya fito fili. Giram 100 na wake bai cika gwangwanin madara ba, amma ya ishi ɗan shekara biyar furotin na yini guda. Idan da garin rogo za a nema masa wannan, sai ya cinye fiye da kilo ɗaya, abin da cikinsa ba zai ɗauka ba. Kilo ɗaya na waken suya ya kusa ninka kilo ɗaya na nama a wajen furotin. Wanda yake shakka ya je Bodija ya tambayi kuɗin wannan, ya tambayi kuɗin wancan.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A na 2023 zuwa 2024 abin ya kai kashi 40. Tsumburewa ba a ƙashi kawai take tsayawa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa da karatu, kuma abin da ya ɓaci a shekaru biyun farko yana da wuyar gyaruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda ɗan riƙo yake yin asara

A shekarar 1933 wata likita mai suna Sisili Wiliyams, wadda ke aiki a Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, ta bayyana wani ciwo na yara mai kumbura ƙafa da ciki, mai sa gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saluɓewa. A 1935 ta sa masa sunan da mutanen ƙabilar Ga ke kiransa da shi, wato kwashiyoko. Ma'anarsa ita ce ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Ku duba hikimar mutanen nan. Ba su sa wa ciwon sunan abinci ba, sun sa masa sunan yaron da aka daina kallo. To idan ɗan da uwarsa ke raye zai iya faɗawa wannan hali don hankalinta ya rabu biyu, ina ga wanda ba shi da uwar gaba ɗaya?

Yawancin masu riƙo mutanen kirki ne, ba da mugunta abin ke faruwa ba. Ta ƙananan hanyoyi yake shigowa, mu kawo guda huɗu.

Ta farko, tire ɗaya. A zuba wa yara shida abinci wuri guda, mai shekara goma da mai shekara biyu. Babba ya yi loma biyar kafin ƙarami ya haɗiye ɗaya. Ɗan gida yana da bakin cewa bai ƙoshi ba. Ɗan riƙo yana jin nauyi, sai ya tsame hannu ya yi shiru, a ce ai shi ba mai ci ba ne.

Ta biyu, koko tsararo. Kokon da aka tace aka zubar da dusa, aka tsinka shi da ruwa, yawancinsa ruwa ne. Cikin yaro ƙarami ne, kofi ɗaya ya cika shi, amma abin da ya shiga jikinsa kaɗan ne ƙwarai.

Ta uku, sauyin cima. Yaron da ya tashi a kan tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, da fura, da ɗanwake, ya zo nan ya koma jiƙa garin rogo da sukari da safe, teba da rana, taliyar leda da dare. Cikinsa ya cika, amma bulon gini ya ragu.

Ta huɗu, ita ce ta fi ba mu tausayi, talla. Yarinya ta wuni tana yawo da farantin awara ko ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa a ka, daga Mokola har Dugbe, amma an ƙirga mata, ba ta isa ta ci ɗaya ba. Abincin gina jiki yana bisa kanta, ita kuwa ta dawo ta ci ƙanzo. Iyayenmu mata, don Allah a duba wannan. Yankan awara biyu ba za su karya jari ba.

Hatsi da wake abokan tafiya ne

Akwai masu cewa furotin na tsiro bai kai na nama ba. Da gaskiya a ciki, amma da magani. Furotin haɗi ne na ƙananan sinadarai guda 20, tara daga ciki jiki ba ya iya yin su, dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, hatsi yana da shi. Idan aka haɗa su, kowa ya toshe wa ɗan'uwansa ɓaraka. Ba lallai sai a kwano ɗaya ba, ko a yini ɗaya aka ci su, aiki ya yi.

Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun bar mana haɗin. Shinkafa da wake, wato garau-garau. Koko da ƙosai. Kunun gyaɗa da shinkafa. Dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Faten wake, alala, tubani, kwaɗon zogale ko na rama, tuwo da miyar gyaɗa ko ta taushe. Maƙwabtanmu Yarbawa ma suna da nasu, suna shan ogi da akara, suna cin amala da gbegiri, wadda ba komai ba ce illa miyar wake. Saboda haka ba baƙon abu muka kawo ba. Abin da muke roƙo shi ne a mai da shi ƙa'ida: kada rana ta faɗi a kan yaro bai ci wani abu na dangin wake ko gyaɗa sau biyu ba. Idan garin rogon ne kawai a gidan, a daka ƙuli-ƙuli a zuba masa da yawa, a yi kwaɗo da ɗan mai da albasa, ko a haɗa shi da dafaffen wake. Daddawa ma tana da furotin sosai, sai dai abin da ake sakawa a miya kaɗan ne, don haka kada a dogara da ita kaɗai.

Waken suya da garin kunun yara

Mu mazauna Badun muna da tarihi da waken suya. A nan garin, kan hanyar Oyo, aka kafa cibiyar binciken aikin gona ta IITA a 1967, kuma a shekarun 1980 ma'aikatanta da na sauran cibiyoyin bincike suka shiga ƙauyukan jihar Oyo suna koya wa mata yadda za su sa shi cikin girki. Ana noma shi sosai a Binuwai da Kaduna, kuma motocin mutanenmu ne ke kawo shi. Awarar da 'ya'yanmu ke talla, wadda Yarbawa ke kira beske, daga gare shi take.

Sharaɗinsa biyu ne. Na farko, ba a cin sa ɗanye ko rabin dahuwa, domin akwai wani sinadari a cikinsa da ke hana ciki narkar da furotin, kuma zafin wuta ne ke kashe shi. Na biyu, ƙarnin nan da ke sa yara su ƙi shi yana tasowa ne idan fasasshen wake ko ɗanyen garinsa ya haɗu da ruwan sanyi. Idan aka zuba shi kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, ƙarnin yana raguwa ƙwarai.

Ga yadda ake haɗa garin kunun da ake kira Tom Brown, bisa awon da ma'aikatan agaji ke amfani da shi a arewa maso gabas: awo 6 na hatsi, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. Ko da me aka auna, gwangwani ko mudu ko kongon Bodija, a riƙe shi ɗaya har ƙarshe. Hatsin zai iya zama gero ko dawa ko masara, ko a gauraya su bibbiyu.

A tsince waken suya, a zuba shi cikin ruwa yana tafasa, a bar shi minti 20 zuwa 30. A tsame, a murje ɓawon, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya shi a tukunya ba tare da mai ba har ya yi ja-ja ya yi ƙamshi. A wanke hatsi a rege tsakuwa, a shanya, shi ma a ɗan soya. A tsince gyaɗa, a soya, a murje. A haɗa duka a kai inji a niƙa da laushi, a tankaɗe, a baza ya huce kafin a zuba a mazubi mai murfi. Kada a yi wanda zai wuce mako biyu ko uku, domin danshin Kurmi ba ya raga wa gari, kuma man gyaɗar da ke ciki yakan sa ya yi ɗaci. Wannan gari yana da furotin kusan giram 20 a cikin 100, wato ninki biyu na gasarar hatsi zalla.

In za a dama, a kwaɓa cokali uku ko huɗu da ɗan ruwa, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta kamar minti goma. A yi shi da kauri, yadda zai zauna a cokali ba ya zuba. A sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, domin mai yana ƙara ƙarfi ba tare da cika ciki ba, manja kuma yana da sinadarin da ke taimakon ido. Idan kaurin ya yi wa ƙaramin yaro yawa, kada a ƙara ruwa. A barbaɗa ɗan garin tsiron gero ko dawa irin na kunun zaƙi yayin da kunun ke da ɗumi, zai tsinke da kansa, sai a mai da shi wuta ya sake tafasa.

Garin waken suyan da aka dafa aka soya yana shiga tuwo, awo ɗaya cikin awo uku ko huɗu na garin masara ko alabo. Yana shiga miyar kuka da ta kuɓewa, yana kuma maye gurbin rabin agushi. Masu yin awara kuma, dusar da kuke ba akuya akwai sauran amfani a cikinta, a sa ta a miya ko a ƙullun ƙosai, ta dahu sosai. Wajen haɗa awara a fi dogara da ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami. Shi kuwa wake na gida, a jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan, zai dahu da wuri, gawayi ya yi auki, kumburin ciki ya ragu. Wannan ya fi a cika masa kanwa, domin yawan kanwa yana kashe wasu sinadarai masu amfani.

Jinjirin da ya rasa uwa

A nan muna so kowa ya buɗe kunne. Duk abin da muka faɗa na yaron da ya kai wata shida ne zuwa sama. Jinjiri ɗan ƙasa da wata shida ba a ba shi koko, ba a ba shi kunun gyaɗa, ba a ba shi madarar waken suya ta gida a madadin nono. Ba za su riƙe shi ba, za su iya kai shi kushewa. Abin da ya fi shi ne a samu mai shayarwa a cikin dangi ko maƙwabta, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Annabi, bayan ta je asibiti an duba jininta. A kuma sanar da malamai da dangi a rubuta, domin shayarwa tana haramta aure. In ba a samu ba, sai madarar gwangwani ta jarirai, bisa awon da ma'aikatan asibiti suka nuna, da tafasasshen ruwa da kofi mai tsabta. Tana da tsada, kuma a nan ne ya kamata kuɗin ƙungiya su fara zuwa, don kada talauci ya sa a riƙa tsinka ta da ruwa.

Daga wata shida a fara kunun, kaɗan-kaɗan. Yaron da ba ya shan nono yana bukatar ci sau huɗu ko biyar a rana, tare da madara. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma. Ba a ba ƙananan yara ƙwayar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli mai tauri, don kada su shaƙe, sai an daka. Idan yaro ya ci gyaɗa ko waken suya ya yi ƙuraje, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashinsa ya sauya, a daina ba shi, a garzaya asibiti.

Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, gyaɗa da masara masu fumfuna suna ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko take ɗaci, a zubar. An ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kada a ce ruɓaɓɓiya ta fi araha a saya wa maraya.

Na biyu, maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a ciki. Alhazanmu masu rumbuna a kasuwa, wannan magana taku ce. Akwai buhu mai ninki uku da ke toshe iska ya kashe ƙwarin ba tare da ko ɗigon magani ba. Mai saye kuma, idan wake yana warin magani a bar shi, wanda aka saya a wanke shi sosai, a zubar da ruwan tafasar farko.

Na uku, ba mu ce a yi sallama da nama ba. Akwai sinadarin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, kuma ba a samunsa a wake ko gyaɗa ko hatsi. Saboda haka a riƙa sa ɗan abin da ya samu: dakakken busasshen kifi ko kirafish a cikin kunu da miya, ƙwai ko da sau biyu a mako, nono, ɗan yankin hanta. Mahautanmu na nan kusa.

Na huɗu, sinadarin ƙara jini da ke cikin wake yana shiga jiki sosai idan an haɗa da lemo ko gwanda ko mangwaro ko tumatir ko garin ƙwame na kuka. Shayi kuwa yana hana shi shiga, don haka kada a ba yaro shayi a kan abinci. A kuma riƙa karɓar maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi a asibitin unguwa, kada mu ciyar da tsutsa mu bar yaro.

Na biyar, idan tamowa ta riga ta kama yaro, kunu ba zai wadatar ba. A danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa na ɗan lokaci, idan wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tef na auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, haɗari ke nan, daga nan zuwa 12.5 kuwa gargaɗi ne. Yaron da ya kumbura, ko ya rame ya ƙi cin abinci, ko zawo ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti a ranar. Ga Adeoyo, ga asibitin yara na Oni, ga UCH. Kada a tsaya ana cewa mayu ne ko shawara ce.

Abin da muke roƙon wannan taro

Ranka ya daɗe, jama'a, marayu suna ganin alheri da azumi da Sallah, Allah ya saka wa masu yi. Amma ciki bai san wata ba, kullum yake nema. Don haka kwamiti yana gabatar da shawarwari biyar.

Ɗaya, masu unguwanni da limamai da shugabannin mata su san kowane gida da ke riƙon maraya ko ɗan wani, a rubuta a asirce, ba tare da tozarta kowa ba.

Biyu, a kafa mudun maraya. Kowane mai sayar da hatsi ko wake ko gyaɗa ya ba da mudu ɗaya a wata, mai hali ya ƙara. Wanda ba ya sayar da hatsi ya ɗauki kuɗin niƙa ko na mai ko na gawayi. Direbobi su yafe kuɗin dakon buhun marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Uku, matan ƙungiya su riƙa haɗuwa sau biyu a wata suna haɗa garin kunu, a raba wa gidajen, a fara da masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ba zawarawa wannan aiki a biya su ladansu, su ma su samu abin riƙe nasu.

Huɗu, a nemi ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa suna auna yaran duk wata, a rubuta a katinsu, domin awo ne zai gaya mana ko aikin yana ci.

Biyar, wannan ba ya bukatar ko kwabo. Kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a ba shi kwanonsa daban, babba ya zauna kusa da shi har ya gama. Yaron da aka yi wa mutuwa sau da yawa baƙin ciki yakan hana shi ci, sai da lallashi da haƙuri. Abin da 'ya'yan gida suka ci, shi ma ya ci, a lokaci ɗaya. Mai talla a cire mata nata kafin ta ɗauki faranti. Makarantun allo da ke da almajirai ƙanana su ma a tuna da su a wannan rabo.

Wanda ke riƙe da dukiyar maraya kuma, malamai sun bayyana cewa halal ne a ciyar da shi daga cikinta gwargwadon bukata, ko a haɗa tukunya da shi bisa adalci. Kada a tara masa kuɗi a bar jikinsa ya lalace, kada kuma a cinye da sunan ciyarwa.

Daga ƙarshe, waɗannan yara su ne za su riƙe Sabo gobe, a cikinsu akwai limamai da malaman asibiti da fatake. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma babu wanda ya san a hannun wa nasa za su ƙare. Allah ya jiƙan iyayensu da namu, ya raya su a kan sunna, ya buɗa wa masu riƙonsu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, ya mai da kowa gidansa lafiya.